Hausar da Na Sa wa Maigadi a Baki

Wata huɗu na yi ina rubuta wasan nan, kuma ranar da na ajiye biro ban ga abin gyara a cikinsa ba sai 'yan kurakuran rubutu. Labarin ba mai tsawo ba ne. Wani attajiri ne da uwargidansa, da ɗansu da ya dawo daga jami'a, da 'yar aiki, da maigadin da ya shekara ashirin yana tsaron ƙofarsu. Sarƙar uwargida ta ɓace, zargi ya faɗa kan maigadi, aka gurfanar da shi gaban alƙali. Kashi uku, fitowa tara, 'yan wasa shida. Ƙungiyarmu ta masu sha'awa ce, kowa da sana'arsa, sai an tashi daga aiki muke haɗuwa mu yi gwaji har duhu ya kore mu.

A shafin farko, inda ake jera 'yan wasa, na rubuta wa kowa irin Hausar da zai yi. Alhaji da Hajiya, daidaitacciyar Hausa. Alƙali, daidaitacciya da ɗan Larabci. Ɗan gida, Ingausa. Maigadi, Sakkwatanci, har na ƙara da cewa "don ban dariya". 'Yar aiki kuwa kalma ɗaya na sa a gabanta: Gwaranci. Jerin nan bai ci mini minti biyar ba. Hannuna ya zuba shi kamar hadda, kuma haddar ce, daga wasannin da na tashi ina kallo ina saurare.

Matsayin maigadi na ba dattijon ƙungiyarmu, malamin firamare da ya yi ritaya, wanda duk muke kira Baba. Haifaffen ƙasar Sakkwato ne, kuma duk shekarun da ya yi a wajen gida harshensa bai karkace ba. Lissafina shi ne ba sai an koya masa komai ba.

Ranar karatun farko muka zauna da'ira a kan benci, kowa da takardarsa a cinya. Da aka zo kan maigadi sai dariya ta ɓarke tun bai kai ƙarshen jimla ba. Daɗi ya kama ni, na ce a raina aiki ya yi kyau. Sai daga baya na tuna yadda Baba yake karatun: a hankali, yana ɗaga kalma yana ajiyewa kamar mai tafiya cikin ƙaya ba takalmi. A shafi na bakwai ya tsaya, ya cire tabarau, ya ɗora a kan takardar.

"Ɗana," in ji shi, "wa yag gaya maka haka muka magana?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, ai Sakkwatanci ne."

"Wanga ba Sakkwatanci ba na. Wagga Hausam mai kwaikwayo ta."

Bai ɗaga murya ba. Ya matso kusa da ni ya bi takardar da yatsa, layi bayan layi, kamar yadda ya saba yi wa 'yan aji. Na rubuta "Munka zo jiya" a matsayin magana mai cin gashin kanta. Ya ce babu Basakkwacen da zai faɗi haka, "mun zo jiya" yake cewa kamar kowa. "Munka" ba ta zama sai inda Bakano zai ce "muka": jiya munka zo, abin da munka gani. Na rubuta "mota na" ina nufin "mota ce". Ya ce mota mace ce, "mota ta" ake cewa, "na" ta namiji ce da jam'i. Duk inda na ci karo da "f" na mayar da ita "h" ido rufe, har na sa maigadi ya ce Alhaji ya yi masa "haɗa". Baba ya ce haɗa daban, faɗa daban, kuma a wurinsu "hwaɗa" ce, don "f" kafin wasalin "a" tana zama "hw", sai a irin su "tahi" da "lahiya" take zama "h" zalla. Akwai kuma abin da ban taɓa sanin yana da ƙa'ida ba, wato ninka baƙi: yat tahi, tak kama, yab buɗe, inda baƙin farko na aikatau yake komawa baya ya manne wa wakilin suna. Ko sau ɗaya bai fito a rubutuna ba, alhali yana daga cikin abubuwan da kunne ke fara kamawa.

Da a nan ya tsaya da na ce kuskuren nahawu ne, na gyara na wuce. Sai ya buɗe kashi na uku, inda maigadi yake kare kansa a gaban alƙali, ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji. Wannan jawabin shi ne abin alfaharina a duk wasan. Na karanta har ƙarshe. Wurin ya yi tsit, na zaci daɗin jawabin ne ya kama mutane.

"To, ina Sakkwatancin yat tahi?" in ji Baba.

Na duba. Babu "wanga" ko ɗaya, babu "anka", babu "shina". Shafi ɗaya da rabi na daidaitacciyar Hausa tsantsa, irin wadda ake karanta labaru da ita. Ban yi da niyya ba, kuma rashin niyyar ne ya fi damuna.

"Inda kaka so a yi dariya, ka ba ni halshen uwata," ya ce. "Inda kaka so a ji tausai, ka amshe shi."

Ya mayar da tabarau aljihu. Ranar ba mu ƙarasa karatun ba.

Daren nan barci bai zo da wuri ba. Na yi ta juya maganar ina neman ta inda zan kare kaina, ban samu ba. Abin da takardata take faɗa, ko na yarda ko ban yarda ba, shi ne mutum ba zai cancanci tausayi ba sai ya yi magana irin ta littafi. Na rubuta wasa don in nuna yadda ake raina talaka, ga shi ni ma na raina shi ta hanyar da Alhajin cikin wasan bai ma yi tunaninta ba.

Ina wannan hadda ta samo asali? Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan Kananci. Masu aikin talifi a Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, duk sun sa hannu wajen tsayar da yadda ake rubuta Hausa. Aiki ne mai albarka, ba don shi ba da kowa yana rubutu yadda ya ga dama. Sai dai abin da aka tsayar don takarda ya gangaro ya zama ma'aunin mutane. Da ita ake cin jarrabawa, da ita ake karanta labaru a rediyo, sai kunne ya saba da cewa mai ilimi haka yake magana, saura kuwa 'yan ƙauye ne. Marubucin wasa yana gadon wannan kunnen tun kafin ya san zai yi rubutu.

Ba mu kaɗai ba ne. A tsohon wasan kwaikwayon Indiya abin har doka ce rubutacciya: sarakuna da manyan malamai su yi Sanskirit, mata da barori da wawan sarki su yi harsunan gama-gari da ake kira Firakirit. A Ingila, Shekispiya yakan ba manya magana mai ma'aunin waƙa, ya bar wa barori da masu haƙa kabari zube. Dandamali ya daɗe yana raba wa mutane daraja ta baki, domin ɗan kallo ba shi da lokacin karanta tarihin kowa. Jimla biyu yake ji ya yanke hukunci. Mutanen Indiya dai sun san sun yi doka. Tamu ba a rubuta ta ko'ina ba, shi ya sa muke bin ta ba mu ji a jikinmu ba.

Washegari na je na sami Baba na ba shi haƙuri. Bai bar ni na ja maganar ba. Tambayata ya yi ko na taɓa jin an yi wa Narambaɗa ko Ɗankwairo dariya don sun ce "anka". Da wannan harshen suka yi wa sarakuna waƙa, sarakunan ma da shi suke amsawa. Malaman da suka rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami a Sakkwato da Gwandu a ƙarni na 19 "sunka" da "anka" suke rubutawa. Shehu Shagari ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983 da shi a bakinsa. Baba ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a cikin masu kukan nan akwai sarki, akwai malami, akwai mai gadi. Ni na ɗauki kukan gida guda na ce na masu gadi ne.

Ba kowa ne ya yarda a taɓa wasan ba. Saurayin da ke fitowa a ɗan gida, wanda ya fi mu duka sanin abin da ke riƙe 'yan kallo a kujera, ya ce, "Malam, in ka cire dariyar maigadi wa zai zauna har kashi na uku? Mutane ba lacca suka zo ji ba." Maganarsa gaskiya ce, ban yi masa musu ba. Wasan da ba ya ba da dariya a farko ba ya samun wanda zai sa kuka a ƙarshe. Abin da muka yi ta ja a kai har kwana biyu shi ne daga ina dariyar za ta fito. In an yi dariya don abin da maigadi ya faɗa, shi ya ci wasan, 'yan kallo suna bayansa. In an yi don yadda bakinsa yake furta kalma, sun koma bayan Alhaji ke nan, kuma ba za su dawo ba ko da an kai kotu.

Baba ya ba ni aiki: mako biyu kada in rubuta ko harafi ɗaya, in je in saurara. Na bi umarni. Na zauna a bakin ƙofofi, da ɗakunan jiran ganin manya, da duk inda mai hali da mai yi masa aiki suke haɗuwa. Masana suna raba karin harshe gida biyu, na nahiya da na rukuni, na kuma san wannan a takarda tun ina ɗalibi. A mako biyun nan ne na ji shi da kunnena. Nahiya tana nuna daga ina mutum ya fito. Matsayinsa kuwa ba a "f" da "h" yake ba. Yana wurin wanda ya fara gaisuwa da wanda ya amsa da "mm". Yana wurin wanda ake kira da sunansa tsirara da wanda sai an ce Yallaɓai ko ranka ya daɗe. Babba yana cewa "buɗe", kalma ɗaya. Na ƙasa sai ya naɗe buƙatarsa cikin zane uku: don Allah, in ba damuwa, ko za a taimaka. Na lura na ƙasa yana ɓoye kansa a bayan "a" da "an": an ce in zo, a yi haƙuri, a duba mana. Kamar faɗin "ni" ma ya yi masa nauyi. Abin da ya fi komai fitowa fili shi ne katse magana. Wani yana da ikon yanke maganar wani a tsakiya, ɗayan ba shi da shi, ko da a unguwa ɗaya aka haife su.

Wata rana da yamma ina zaune da wani mai gadi, da izininsa, yana ba abokansa labari. Bakinsa kamar reza, karin magana na bin karin magana, yana kwaikwayon tafiyar maigidansa mutane suna riƙe ciki. Yana tsakiyar jimla aka danna ham a waje. Kafin ƙarar ta mutu ya miƙe, kafaɗunsa suka sauka, muryarsa ta sirance. "Sannu da zuwa, Yallaɓai. An dawo lafiya, Yallaɓai." Gilashin motar bai ko sauka ba. Ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna, ya ɗauki jimlarsa daidai inda ya ajiye ta. A nan na ga maigadin wasana. Baki biyu gare shi, ni kuwa rabin ɗaya na ba shi.

Na koma kan takarda, amma wannan karon ba ni kaɗai ba. Na taɓa karanta yadda Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya kai wasansa na harshen Kikuyu ƙauyen Kamirithu a 1977, manoma da leburori suka yi ta gyara masa magana suna cewa tsoho ba haka yake magana ba. Wasan ya yi ƙarfin da gwamnati ta hana shi, ta kuma tsare marubucin kusan shekara guda ba shari'a. Namu bai kai nan ba ko kusa, amma hanyar na ara. Nakan faɗa wa Baba abin da nake so maigadi ya nufa, shi kuma ya faɗe shi yadda zai fito daga bakin mutum, in ɗauka a waya, in je gida in rubuta. Sau da yawa abin da na tsara cikin layi huɗu yakan dawo mini da shi cikin kalma shida. Da ɗan gari akan ci gari.

Maigadi ya sami bakinsa biyu. A gaban Alhaji ba ya wuce "to, Yallaɓai", kuma na sa Alhaji ya katse shi sau goma sha ɗaya a kashi na farko, da gangan, har mai kallo ya fara jin haushi ba tare da ya san dalili ba. Da zarar mota ta fita sai ya juya wurin 'yar aiki ya saki harshe, a nan dariyar take, kuma Alhaji ake yi wa. Hajiya ma ta sami nata biyun: zuma a waya da ƙawayenta, wuƙa a kan 'yar aiki. Ɗan gida na bar masa "Dadi" da "sori" da sauran Ingausarsa, domin shi Turanci riga ce da yake sawa don kada a taɓa shi.

Shawarar da ta fi kowace tsada ita ce ta alƙali. Muka ce shi ma Sakkwatanci zai yi. Dalilin a fili yake: in 'yan kallo suka ji karin harshe guda daga bakin wanda ke kan kujera da wanda ke durƙushe, dole su nemi bambancin a wani wuri. Matsalar ita ce mai fitowa a alƙali Bakano ne gaba da baya. Mako uku yana yawo da muryar Baba a kunne. Kalmomin ba su ba shi wuya ba, ninka baƙin ne ya ƙi zama. Yakan ce "ya tahi", Baba ya buga benci: "Danne ta! Yat tahi! Kamar ka taka birki kahin ka wuce." Wata rana sun yi sa'a guda a kan jimla ɗaya. Da ta zauna, sai ga abin da muke nema ya fito da kansa. Alƙali yana cewa "kai", yana jefa mudda'i da bayyina, yana karanto ƙa'idar nan cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Maigadi yana cewa "Allah shi gafarta Malam" yana duban ƙasa. Harshe ɗaya, tazara kamar sama da ƙasa.

Duk wannan ana yi, 'yar aiki ba ta ce komai ba. Wadda ke fitowa a 'yar aiki ma'aikaciyar jinya ce, harshe huɗu take ji, Hausa ba ita ce ta farko a bakinta ba. Sai wani dare bayan kowa ya watse ta tsaya tana naɗe takardarta, ta ce, "Malam, an gyara wa Baba nasa. Ni fa?" Ta nuna mini kalmar nan ta shafin farko. "Ka san wannan sunan mutane ne? Suna da harshensu, su Gbagyi suke kiran kansu. An ɗauki sunan al'umma guda an mayar da shi sunan kuskure, kai kuma ka rubuta shi a gaban sunana."

Na soke kalmar a gabanta. Sokewar ba wuya, abin da ke ƙarƙashinta ne aiki. Na sa 'yar aikin tana rikita jinsi, tana ce wa Hajiya "ya ce", tana furta "ƙ" kamar "k", waɗannan kuwa abubuwa ne da mai koyon Hausa yake yi da gaske, ita kanta ta ce a bar su. Abin da ta ƙi shi ne na rikita mata tunani tare da nahawu. Na sa ana aikenta ta kawo wani abu ta kawo wani, ana tambayarta gabas tana amsa yamma. Ta ce wanda bai iya harshenka ba ba hankali ya rasa ba, kalma ya rasa. Ta tuna mini da Samanja, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a matsayinsa: Barikanci yake yi, Hausar da ta karye ta ko'ina, amma shi ke ba da oda, shi ake tsoro, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa wawa. Ita ta kawo shawarar fitowar da ta zama ta shida. 'Yar aiki ita kaɗai a dandamali, ta kira mahaifiyarta a waya, ta yi minti ɗaya cur tana magana da harshen gidansu, da sauri, da dariya, da faɗa, ba fassara. Na ji tsoron 'yan kallo za su ɓata. Ta ce su ɗanɗana minti ɗaya na abin da yarinyar take sha kullum.

Mun yi kuskure ɗaya babba kafin mu kai ga ranar. Da zumuɗi muka cika bakin maigadi da tsofaffin kalmomin da Baba ya tono daga ƙuruciyarsa. Muka gayyato mutum goma su kalli gwajin ƙarshe, bakwai suka ce sun rasa zaren kashi na biyu. Akwai ma tarkon da ba mu hango ba: "abin da muka yi" a bakin Baba yana nufin abin da muke yi yanzu, a kunnen Bakano kuwa abin da ya riga ya wuce. Marubutan Larabawa sun sha irin wannan tsakanin Larabcin littafi da na titi, har Taufiƙ al-Hakim na Masar ya gwada a 1956 abin da ya kira harshe na uku, wanda za a iya karanta shi ta fuska biyu. Mu ba mu ƙirƙiri na uku ba. Muka riƙe nahawu da furuci yadda suke, muka sassauta kalmomi, inda "muka" za ta ruɗar kuma muka jingina mata "kullum" ko "yanzu". Baba ya ji zafin rabuwa da wasu kalmomin, amma shi da kansa ya soke su da jan bironsa.

Ranar wasa zaure ya cika. Kafin a ɗaga labule na gaya wa Baba abin da ke cina: ina tsoron duk wahalar nan za ta tashi a banza da zarar ya buɗe baki. Ya ce, "Za su yi dariya. Bari su yi. Dariyar farko ba tamu ba ta, da ita sunka zo daga gida."

Haka kuwa aka yi. Yana cewa "Mi kaka nema, yaro?" zaure ya ɗauka. Bai yi murmushi ba, bai ƙara gishiri ba, bai kalli jama'a ba. Ya tsaya riƙe da sandarsa har dariyar ta ƙare don kanta, sannan ya ci gaba. A fitowa ta biyu aka sake dariya, amma ina bayan labule na ji ta canja, don ta zo ne bayan karin maganar da ya jefi Alhaji da ita, har wani ya yi tafi. Wajen katsewa ta takwas na ji wata murya daga tsakiya ta ce, "Haba, ka bar shi ya yi magana mana!"

Fitowa ta shida ta zo. Ta ɗaga waya ta fara. Daƙiƙa goma na farko aka yi ta motsi a kujeru. Sai daga can baya wata mata ta amsa mata da ƙarfi da wannan harshen, kamar ita ce uwar. Kawuna suka juya. Ita kuwa ba ta tsaya ba, sai dai na ga hannunta mai riƙe da wayar yana rawa.

Da alƙali ya zauna ya ce, "Wa yak kawo ƙara?" dariya ta taso daga gefe guda, ta kai rabin hanya, ta rasa mai tarbarta. Aka ba maigadi dama. Karo na farko a duk wasan ba wanda ya katse shi.

"Allah shi gafarta Malam, shekara ashirin nika tsaron ƙohwag ga. Ran da anka zo da yaron ga cikin zane, ni nib buɗe masu. Ko allura ba ta taɓa bin hannuna ba. Yau sarƙa ta ɓace, ba a tambayi kowa ba sai mai tsumma. In rantsuwa aka biɗa, ga ni."

Shafi ɗaya da rabi ya koma layi biyar. Ba tari, ba motsi. Ɗan gida ya miƙe daga benci, ya buɗe baki kamar zai ce "Dadi", ya haɗiye, ya ce, "Abba, ni na ɗauka."

Bayan an watse muna kwashe kaya, mai fitowa a 'yar aiki ta zo da takardarta a buɗe a fitowa ta huɗu. Ta ce akwai layi biyu da har yanzu ba bakin yarinyar ba ne, bakina ne, ta ji su sun tsaya mata a wuya tana faɗa. Saura sa'a ashirin a sake ɗaga labule. Baba ya laluba aljihu ya miƙo jan biron, muka zauna mu uku a bakin dandamali, ta fara karantowa.